Lasifikar Jamaika Da Gangar Noman Tudun Kaya: Darasi A Kan Aro Da Ƙirƙira

Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya, malamanmu, shugabannin wannan ƙungiya, da 'yan'uwa 'yan asalin Tudun Kaya da suka taso daga Kano, Kaduna, Abuja, Legas da sauran birane, muna yi muku barka da zuwa gida.

Mun san wasu za su yi mamakin jin tsofaffin malaman makaranta sun miƙe a gaban dattawa suna zancen kiɗan rege, alhali ga batun hanya da asibiti da rijiyar burtsatse. To, a yi mana haƙuri. Ci gaban gari bai tsaya ga siminti da kwano kaɗai ba, ya haɗa har da abin da 'ya'yanmu ke ji a kunnensu ranar biki, da kuma abin da za su tuna garinsu da shi bayan ba mu.

Mu da muka shiga kwalejin horon malamai a zamanin shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976, mun tashi ne a tsakiyar tashen wannan kiɗa. A ɗakin kwananmu akwai rakoda guda ɗaya tak, mai cin batir shida, kuma karo-karo muke yi mu saye su. Ranar da aka ƙwace ta saboda mun wuce lokacin kashe fitila, sai da muka yi mako guda kamar an yi mana rasuwa. A cikinta ne muka fara jin Bob Marley da Peter Tosh da Jimmy Cliff da Burning Spear. Turancinsu ba irin na littafi ba ne, amma mun gane cewa baƙar fata ne ke kukan bauta da zalunci da kewar Afirka. Aƙidarsu ta Rasta ba tamu ba ce, haka nan shan tabar wiwi da aka san wasunsu da shi ba mu taɓa yarda da shi ba, kuma har gobe muna gargaɗin yara a kansa. Abin da ya ja hankalinmu shi ne nauyin maganar da kuma zurfin kiɗan.

In aka ce mu zaɓi waɗanda suka fi zama mana a rai, za mu ambaci uku. Ta farko ita ce "War", wadda Bob Marley ya fitar a 1976, wadda kuma kusan duk kalmominta an ɗauko su ne daga jawabin da Sarkin Habasha Haile Selassie ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963 a kan wariyar launin fata. Ta biyu ita ce "Marcus Garvey" ta Burning Spear, ta 1975, wadda ta sa muka je ɗakin karatu neman tarihin mutumin. Ta uku tamu ce ta gida Nijeriya, wato "Send Down the Rain" ta Majek Fashek, ta 1988. A lokacin mun riga mun kama aikin koyarwa a ƙauye, kuma duk ɗan manomin da ya ga farin 1973 da na 1984 ba ya bukatar tafinta kafin ya fahimci mai roƙon ruwan sama.

Sai dai abin da ba mu sani ba a wancan lokaci shi ne, wannan kiɗa a bakin titi aka haife shi, a gindin lasifika. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, talakawan birnin Kingston ba su da kuɗin shiga manyan wuraren rawa, kuma ba kowa ke da garmaho ba. Sai wasu masu dabara suka riƙa harhaɗa manya-manyan akwatunan lasifika da na'urar ƙara sauti, su ɗora a mota, su kafa a fili, su sa faifai, jama'a su biya ɗan abin da ya sawwaƙa su shiga. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai Duke Reid, wanda tsohon ɗan sanda ne, da Clement Dodd, wanda aka fi sani da Coxsone.

A farkon al'amari duk waƙoƙin da suke sawa na baƙaƙen Amurka ne, wato kayan aro. Gasar da ke tsakaninsu kuwa ita ce wa ke da faifan da ɗan'uwansa ba shi da shi. Coxsone yakan je har Amurka ya tono faifan da ba a sani ba, ya kankare sunan da ke jikinsa, ya laƙaba masa wani, don kada 'yan leƙen asirin abokin hamayya su gano. Akwai wani faifan Willis Jackson da ya ɓoye ta haka na tsawon shekaru da sunan "Coxsone Hop", har ranar da Duke Reid ya samo nasa ya sa shi a bainar jama'a. Wannan ya tabbatar da maganar Bahaushe cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Da salon kiɗan Amurka ya sauya, irin faifan da mutanen Kingston ke so ya yi wuya, sai masu lasifikar nan suka juyo gida. Suka tattaro makaɗa da samarin unguwa suka shiga ɗaukar nasu. Daga nan aka sami kiɗan ska, wanda ya yi daidai da samun 'yancin ƙasar a 1962, ya rikiɗe ya zama rocksteady wajen 1966, sannan rege wajen 1968. A ɗakin ɗaukar waƙa na Studio One, wanda Coxsone ya buɗe a 1963, Bob Marley da abokansa suka fara yin suna. Wani mai gyaran rediyo, King Tubby, ya shahara wajen cire muryar mawaƙi ya bar ganga da jita mai kauri, yana wasa da amsa-kuwwa, a kan wannan kiɗa kuma U-Roy ke zuba magana da kirari, tamkar yadda sanƙira ke yi a gaban makaɗi a nan ƙasar Hausa. Haka nan kuma kowane mai lasifika yakan sa a yanka masa faifai na musamman, kwafi ɗaya, wani lokaci har mawaƙin ya ambaci sunansa a ciki. Ranar karawa, wanda ya fito da abin da babu mai irinsa shi ke tafiya da jama'a. Wannan al'ada ta bi 'yan ci-rani zuwa Landan, inda Jah Shaka, wanda ya rasu a 2023, ya riƙe ta shekaru da dama, ta kuma bi Kool Herc zuwa New York, inda ta zama ɗaya daga cikin tushen kiɗan hip-hop a 1973.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya halarci biki a Tudun Kaya, ko Ƙaraye, ko Rogo a 'yan shekarun nan ya ga samarinmu masu kayan sauti, da janareto da lasifika a bayan babur ko a-kori-kura. Sana'a ce, suna ci da kansu da iyayensu a cikinta, kuma muna yaba musu. Amma ku saurara da kyau. Abin da wannan ya sa, shi wancan zai sa, domin duk a shago ɗaya aka tura musu a memori. Bikin Tudun Kaya da na Sabon Garin Kano da na Agege duk sauti ɗaya ne. Da yawa daga cikin waƙoƙin ma, musamman na farkon finafinan Hausa, karinsu na Indiya ne aka ɗora wa kalmomin Hausa. Ba mu ce aro laifi ne ba, domin mun ga Jamaika da aro ta fara, kuma Bob Marley kansa ya ari jawabin sarki. Laifin shi ne a zauna a kan aron har abada.

A gefe guda kuma, ina masu gangar noman da ke tayar da tsimin samari ranar gayya? Ina waƙoƙin daɓe da na niƙa da iyayenmu mata ke yi, da kiɗan shantu, da na kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona? Injin niƙa ya kashe waƙar niƙa, siminti ya kashe ta daɓe, maganin feshi da ƙwadago sun rage gayya. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, sun dace an ɗauki muryoyinsu a faifai da kaset, shi ya sa jikokinmu ke jin su. Namu na ƙauye babu wanda ya ɗauka. Kowace shekara sai mun raka ɗaya ko biyu makwanci, kuma kowannensu da taskarsa yake tafiya. Mu kanmu malaman makaranta muna da namu kason na laifi, domin mun shekara talatin muna koya wa yara waƙoƙin Turawa a filin taro, ba mu taɓa gayyato makaɗin unguwa ya shigo aji ba.

Saboda haka muna gabatar wa wannan ƙungiya shawarwari uku. Na farko, a kafa ƙaramin kwamiti da zai zagaya unguwanni da ƙauyuka da kaka da kuma lokacin bukukuwan Sallah, ya ɗauki muryoyin tsofaffin makaɗa da mata masu waƙa, da yardarsu da ta iyalansu, a rubuta sunan kowa da tarihin waƙarsa, a kuma ba su ɗan hasafi. Wayar da ke aljihun kowannenku ta fi na'urar da aka fara ɗaukar Bob Marley da ita sauƙin aiki. Na biyu, 'ya'yanmu da ke aiki a ɗakunan haɗa sauti a Kano da Kaduna su tace abin da aka ɗauko, su ɗora sabon aiki a kansa, a raba wa masu lasifikar gari, ta yadda kowannensu zai sami abin da ba a jin sa ko'ina sai a nan. Na uku, a taron baɗi a sa kyauta ga saurayin da ya fi kowa fito da aikin gida mai tsabta, babu batsa, babu zambo, da sharaɗin yana kiyaye lokutan salla da haƙƙin maƙwabta da marasa lafiya.

Ku mazauna birane, ku ke ɗaukar nauyin yawancin bukukuwan nan, don haka maganarku ake ji. In kun zo aurar da 'ya'yanku, ku tambayi mai lasifika ko yana da na gida, ku kuma ware wa mai kalangu ko mai gangar unguwarku sa'a guda ya taɓa. Jamaika tsibiri ne da yawan mutanensa bai kai miliyan 3 ba, wato bai kai na birnin Kano ba, amma a 2018 hukumar UNESCO ta sanya rege cikin al'adun da duniya ke alfahari da su, saboda wasu talakawa sun daina raina abin da ke ƙofar gidansu. Da tsohuwar zuma ake magani, tamu kuwa tana nan a ɗakunan kakanninmu, sai dai lokaci ba ya jira.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci zuri'armu, Ya ɗaukaka Tudun Kaya da ƙasar Ƙaraye baki ɗaya, Ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.