Jawabi a Kan Fataucin Mutane da Haƙƙin Wanda Aka Sayar

 

Ya ku malamai da alhazai da sauran jama'ar da suka ba da gudummawa, Malam Liman ya umurce ni in yi 'yar magana a kan fataucin mutane, watau sayar da ɗan Adam kamar haja.

A shekarar 1996, a ƙasar Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, aka sayar da wata yarinya 'yar shekara 12, Hadizatu Mani, a kan sefa 240,000. Wanda ya saye ta ya mai da ita wahaya, watau ƙari a kan matansa na aure, ba sadaki, ba ɗaurin aure. Shekara tara tana aikin gida da na gona, har ta haifa masa 'ya'ya. A 2005 ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce matarsa ce, ba inda za ta. Da ta auri wanda take so, sai kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida, wai ta yi aure kan aure. Ku duba, jama'a: wadda aka zalunta ita aka kai kurkuku!

Ƙungiyar Timidriya ta tsaya mata har gaban kotun ECOWAS. Ran 27 ga Oktoba, 2008, kotun ta ce gwamnatin Nijar ta kāsa kare ta daga bauta, alhali ƙasar ta haramta bauta a dokarta tun 2003, ta kuma umurci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Wannan hukunci ya nuna cewa kama dillali kaɗai bai wadatar ba. Wanda aka sayar yana da haƙƙi a wuyan hukuma: a kare shi, a yi masa magani, a biya shi. A kan haka Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa kare waɗanda aka yi fataucinsu cikin yarjejeniyar Palamo ta 2000, Nijeriya kuma ta kafa hukumar NAPTIP a 2003.

Saura mu. Yarinyar da aka yaudara da alkawarin aiki a Libiya ko Saudiyya, in ta komo, kada a tarbe ta da gori, domin tsoron gorin ne ke hana ta faɗin sunan wanda ya kai ta. Wanda ya ji ana neman yara za a kai su aikatau nesa, ya sanar da mai unguwa, ko ofishin NAPTIP na Kano ko na Sakkwato.