Ranar da Kawu ya kasa haɗiye tuwo

 Yau a kan yawu za mu yi magana. Eh, yawun bakin nan da ba ma ɗauka a bakin komai.

Bari in fara da kawuna. Ciwon daji ya kama shi a maƙogwaro, aka yi masa gashi da na'ura na makonni. Alhamdu lillahi, ciwon ya lafa. Ranar da ya dawo gida Inna ta tuƙa masa tuwon shinkafa, ya kai loma ɗaya baki, ya juya ta, ya juya, ta ƙi wucewa. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, bakina ya zama kamar soso." Tun daga nan ba ya rabuwa da gorar ruwa, har da daddare sai ya tashi ya kurɓa. Ku tuna yadda baki ke bushewa da la'asar a azumin bazara. To shi kullum haka yake.

Abin ya dame ni, na shiga karance-karance. Ashe manyan maɓuɓɓugan yawu shida ne a jikin mutum, uku kowane gefe: ɗaya a gaban kunne, wurin da ke kumbura in yaro ya yi hangum, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe. A rana suna fitar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi. Yawun nan shi ke jiƙa abinci, ya wanke haƙora, ya rage ƙwayoyin cuta. Hasken da ke ƙona ciwon daji kan lalata ƙwayoyin halittar da ke yin sa, kuma sau da yawa ba sa farfaɗowa. Shi ya sa haƙora ke ruɓewa, magana ma ta yi wuya.

To, za a iya gyara su? Nan ɓeraye suka shigo labarin.

A 2008, masu bincike a Groningen ta ƙasar Holan, ƙarƙashin Rob Coppes, sun ɗebo ƙwayoyin halitta na tushe daga maɓuɓɓugan lafiyayyun ɓeraye, suka raine su a ɗakin gwaji, suka dasa wa ɓerayen da haske ya lalata nasu. Yawu ya dawo wa da yawansu.

A 2013 kuma, a Jafan, Takashi Tsuji da abokan aikinsa suka haɗa ɗan tsiron maɓuɓɓuga daga ƙwayoyin tayin ɓera, suka dasa wa ɓeran da aka cire nasa. Tsiron ya girma, ya haɗu da jijiyoyi, ya fara fitar da yawu, har haɗiyar ɓeran ta gyaru.

Amma ga wanda nake so ku riƙe. A Amurka, Bruce Baum ya bi wata hanya: saka ƙwayar gado da ke buɗe wa ruwa ƙofa a jikin ƙwayoyin da suka tsira. A 1997 aka gwada a ɓeraye. A 2005 a ƙananan aladu. Sai 2012 aka fitar da sakamakon gwajin farko a mutane: su 11, biyar suka ji sauƙin bushewar. Ku lissafa, shekara 15 daga ɓera zuwa mutum 11. Haka kimiyya take tafiya, sannu-sannu, saboda jikin ɓera daban, namu daban.

Me ya kawo wannan lissafi? Wata rana na tarar da Kawu da wani garin magani a leda mai ƙyalli. A waya ya ga talla, wai "sitem sel" ne, yana sabunta duk abin da ya mutu a jiki. Kuɗin fanshonsa na wata guda ya tafi. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Kawu, waɗancan rayayyun ƙwayoyi ne aka dasa a cikin maɓuɓɓugar. Ba a dama su a kofi." Ya yi shiru, can ya ce, "Mai nema ai ba ya fushi." Sai tausayinsa ya kama ni.

Saboda haka 'yan'uwa, mu da muke riƙe da wayoyi, aikin namu ne. In an turo irin tallar nan a zauren gidanku na WhatsApp, ku tambaya: a kan wa aka gwada, ɓera ko mutum? Mutum nawa? In kana da mai fama da bushewar baki, ka raka shi wurin likita. Akwai magungunan da ke motsa ragowar maɓuɓɓugan, akwai yawun roba na fesawa, cingam marar sukari ma yana taimakawa. A kuma riƙa ganin likitan haƙori. Kai kuma mai sigari da shisha, ka san hayaƙin nan na cikin abubuwan da ke jawo dajin baki da maƙogwaro.

Kawu yanzu ya koma kunu da fate, tuwo sai da miyar kuɓewa mai yauƙi sosai. Yana ci, yana dariya, gorarsa na gefe.

Ku tura wa wanda kuke ganin zai amfana. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.