Mu Gyara Kwanon Abincinmu a Sabuwar Shekara

Na san kowa ya ɗauki alkawarin abin da zai gyara bana. Ina roƙo mu ƙara guda ɗaya, wato kwanon abincinmu.

A yawancin gidajen da nake zagawa, tuwo ne yake cika kwano, miya kuwa ta tsoma baki ce kawai. Tuwon masara ko na dawa yana ba da ƙarfin aiki, amma shi kaɗai ba ya gina jikin yaro. In kun ga gashin yaro ya yi ja, ƙafafunsa sun kumbura, ba maita ba ce. Abinci mai gina jiki ya rasa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ga ma'auni mai sauƙi. A raba kwano kashi huɗu. Biyu na ganye da kayan lambu ne, kamar zogale, rama, alayyafo da kabewa. Ɗaya na tuwo. Ɗaya kuma na wake, awara, gyaɗa, kifi ko ƙwai. Babanmu mai noma zai ce wannan tuwon ba zai kai shi tsakar rana ba. Gaskiyarsa ne, a ƙara masa tuwo, amma kada a rage miya.

Abin da ya fi damuna shi ne, mu ne muke noma wake da waken soya, mu ne muke kiwon kaji, sai mu kwashe duka mu kai kasuwa, mu dawo da magi da lemon kwalba. Yanzu da rumbu yake cike, kowane gida ya ware waken da zai ci har watan Agusta, kada a taɓa shi. Iyaye mata, ku shanya ganye a inuwa, ba a rana ba. Ƙaramin yaro kuma a zuba masa a kwanonsa, domin in ya sa hannu tare da yayyensa, kafin ya kai loma uku sun share.

Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai gram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda yake cikin magi. Masu hawan jini, da ku nake. A rage magi, a ƙara daddawa.

Mako mai zuwa kowace mace ta zo da gwangwani ɗaya na gero, waken soya da gyaɗa, mu koyi haɗa garin kunun yara tare.