KAI RAHOTO DA WURI: JAWABI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan jawabi ne domin Hakimai da malaman ofishinsu, a kan wani aiki guda wanda ya fi sauran ayyukan gunduma saurin ceton rai, watau kai labari ga hukuma tun abu yana ƙarami.

A zamanin En'e, 'yan doka da gidan yari da ɗakin shan magani duk suna ƙarƙashin sarauta. Daga baya aka karɓe su ɗaya bayan ɗaya, har aka kafa ƙananan hukumomi a 1976. Amma akwai abin da ya wanzu a hannun sarauta, shi ne sanin halin da talakawa ke ciki. Likita yana asibiti, sai wanda aka kai masa zai gani. Mai unguwa kuwa ya san gidan da aka kwana ana jinya, liman ya san gawar da ya sallata, Dagaci ya san baƙon da ya sauka jiya. In wannan sani ya tsaya a zaure bai hau sama ba, to, hukuma ta zama makauniya.

ABIN DA RAHOTO YA YI A BAYA

Dattawa ba su manta da agana ba, gama ta kashe mutane ba iyaka, ta makantar da waɗansu, ta bar waɗansu da zane a fuska. A ƙarshen 1966, a ƙasar Ogoja, maganin lamba ya yi ƙaranci, sai ma'aikata suka aika ƙauye ƙauye a faɗa musu inda mai ciwon yake, suka yi wa mutanen da ke kewaye da shi lamba, cutar ta tsaya. Da wannan dabara aka ci gaba. Ba a sake ganin agana a Nijeriya ba bayan 1970, a 1980 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ta ƙare a duniya duka.

Haka kurkunu. Da aka yi ƙidaya wajen 1988 an sami mutum fiye da 650,000 da ke fama da shi a ƙasar nan. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Da tace ruwan sha, da hana mai ciwo shiga tafki, da rahoton da kowane ƙauye ke kaiwa wata wata aka ci ƙarfinsa. Na ƙarshe da ya kamu an gan shi a 2008, aka ba Nijeriya takardar shaida a 2013.

ABIN DA JINKIRI YA JAWO

Sanƙarau ya auka wa Arewa a 1996, ya kama mutum fiye da 100,000, ya kashe fiye da 11,000. Ya sake tasowa a Zamfara a ƙarshen 2016, amma labarinsa bai isa ga hukumar tarayya ba sai cikin Fabrairu 2017. Kafin a shawo kansa ya ketara Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja, ya kama fiye da 14,000, ya kashe fiye da 1,000.

Har wa yau a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara ƙanana suka dinga shiɗewa suna mutuwa. Da aka bincika sai aka tarar gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu. An daɗe ana binne su kafin masu ikon taimako su ji.

ME ZA A RUBUTA?

Ya kamata kowane malamin Hakimi ya ajiye littafi guda domin wannan aiki kaɗai. Duk labarin da ya zo, a rubuta ranar da ya zo, da sunan ƙauye da unguwa, da yawan waɗanda suka kamu, da shekarunsu, da alamun da aka gani, da yawan waɗanda suka rasu. Gano sunan cuta aikin likita ne. Malami dai ya rubuta abin da ido ya gani.

Abubuwan da ba a bari su kwana su ne: zazzaɓi mai zafi tare da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko kumburin maɗiga ga jariri, amai da gudawa mai kama da ruwan shinkafa, yaron da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, zazzaɓi da zubar jini, maƙogwaro ya kumbura har numfashi ya yi wuya, cizon mahaukacin kare, da mutuwar mutum biyu ko uku a gida ɗaya ko unguwa ɗaya da ciwo iri ɗaya. A kowace ƙaramar hukuma akwai jami'in da aka ɗora wa sa ido a kan cututtuka. Lalle ne lambar wayarsa ta kasance a bangon ofishin Hakimi, a kuma aika wa fadar Sarki kwafin abin da aka gaya masa.

Kada a raina ƙaramin adadi. A ƙa'idar da ake bi game da sanƙarau, a wurin da mutanensa ba su kai 30,000 ba, mutum 2 a mako guda sun isa a tashi bincike, mutum 5 kuwa annoba ce. Ke nan in Dagatai uku kowa ya yi shiru a kan mutum biyu, an ɓoye annoba sukutum, alhali ba wanda ya san ya ɓoye ta. Sanƙarau yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya, allurar rigakafi kuwa ba ta isowa sai an nuna adadi.

TARO DA BUKUKUWA

Da rani ne ake yawan biki, da dambe, da cin kasuwa bayan kaka, kuma shi ne lokacin ƙura da zafi da gobara. Saboda haka duk wanda zai tara jama'a ya sanar da Dagaci tun da sauran kwanaki, Dagaci ya sanar da Hakimi, Hakimi ya sanar da 'yan sanda da ma'aikatan lafiya. A duba ruwan da baƙi za su sha, da makewayi, da ɗakin da za su kwana, kada a cusa mutum ashirin a ɗakin da ba taga.

A duba hanya kuma. A ƙarshen Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a Bagwai da 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Maulidi, fiye da mutum 20 suka rasu. Inda za a ƙetare ruwa, Sarkin Ruwa ya tsaya da kansa ya ƙidaya masu shiga, ya hana tafiyar dare. A Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa, mutane suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da 150 suka halaka. Garin da ke bakin babbar hanya, a riƙa yin shela a masallaci da kasuwa cewa in tanka ta faɗi, kowa ya yi nesa, a kira 'yan kwana-kwana.

DALILIN DA KE SA A ƁOYE

Mutane ba don mugunta suke ɓoye labari ba. Wani yana jin kunyar a ce gidansa ne mafari, wani yana tsoron a rufe kasuwa, Dagaci kuma yana gudun a ce ƙasarsa ba tsabta. Maganin wannan yana hannun Hakimi. Dagacin da ya kawo labari, aka je aka tarar ba kome, a gode masa a gaban 'yan'uwansa, gama in aka kunyata shi yau, gobe ba zai kawo na gaskiya ba. A kuma tsare asirin majinyaci, kada sunansa ya zama abin hira a bakin kasuwa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Daga ƙarshe, ana roƙon kowane Hakimi, ran da Dagatai suka zo gaisuwa, ya sa malaminsa ya buɗe littafin nan ya kira ƙauyuka ɗaya ɗaya. Wanda ba abin da ya faru a ƙasarsa, shi ma a rubuta haka, domin a bambance lafiya da sakaci. Allah ya kiyaye ƙasa da jama'arta, ya taimaki Sarki, amin.