SHIRIN DA YA KAMATA MA'AURATA SU YI KAFIN NEMAN MAGANIN HAIHUWA

Jawabi ga Jama'ar Iku, Suleja

Maganar da ta tara mu yau magana ce da akan yi ta a ɓoye, alhali kuwa ta raba aure da dama, ta kuma cinye dukiyar gidaje masu yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa kimanin mutum 1 cikin 6 yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. Saboda haka wannan ba abin kunya ba ne. Lalura ce kamar sauran lalurori, mai neman maganinta kuwa sai ya san abin da ke gabansa.

YAUSHE ZA A TAFI ASIBITI?

Idan miji da mata sun shekara ɗaya suna saduwa ba tare da an sami ciki ba, lokacin ganin likita ya yi. Idan matar ta haura shekara 35, kada a wuce wata 6, domin ƙwan mace yana raguwa da shekaru. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ku fara da Babban Asibitin Suleja. In akwai bukata, za a tura ku Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ko Asibitin Ƙasa da ke Abuja.

A TAFI TARE

Maigida, wannan kira naka ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kusan rabin ma'auratan da ke da wannan matsala, akwai dalili daga wajen namiji, ko da kuwa ƙarfinsa na nan daram, ko ya taɓa haihuwa a baya. Gwajin maniyyi shi ne mafi sauƙi, kuma mafi araha. Abin da ake bukata shi ne a ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin ranar gwajin. Wanda ya ƙi wannan gwaji, ya bar matarsa tana shan magani shekara da shekaru, ya zalunce ta, ya kuma yi asarar kuɗinsa.

Ita kuma uwargida za a auna jininta, a duba mahaifarta da na'urar hoto, a kuma yi hoton hanyoyin ƙwai bayan ta gama al'ada, don a ga ko sun toshe. Ciwon sanyi da ba a yi maganinsa sosai ba, da ƙwayoyin cuta da ke shiga bayan ɓari ko haihuwa, su ne suka fi jawo toshewar. Dukansu biyu za a gwada su don cutar ƙanjamau, ciwon hanta da sikila.

SHIRI TUN DAGA GIDA

Uwargida ta riƙa rubuta ranar da al'adarta ta fara da ranar da ta ɗauke. A tara takardun asibiti na baya. A gaya wa likita duk maganin da aka sha, har da na gargajiya, ba ɓoye-ɓoye. Ta fara shan ƙwayar folik asid kullum, domin tana kare jariri daga nakasar laka. Maigida ya bar taba, ya kuma yi haƙuri, domin maniyyi yakan ɗauki kusan wata 3 kafin ya sabunta. A guji yankan gishiri da cusa magunguna a gaba. Ba sa kawo ciki, sai dai su jawo yoyon fitsari ko toshewa.

MATAKAN MAGANI

Ba kowa ne ke bukatar babban aiki ba. Wasu ƙwayoyin kwana 5 masu sa ƙwai ya nuna sun ishe su. Wasu sai an yi musu tiyata. Mataki na ƙarshe shi ne haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, sa'an nan a dasa a mahaifa. An fara haihuwa ta wannan hanya a Ingila a 1978, a Birnin Tarayya kuwa a 1998, a ƙarƙashin kulawar Dokta Ibrahim Wada. Tun 1980 malaman Azhar na Masar suka halatta ta, muddin ƙwan da maniyyin na ma'auratan ne, kuma igiyar aure na nan.

Wannan hanya tana bukatar allura kullum har kimanin kwana 10 zuwa 12, da zirga-zirga zuwa asibiti, da jiran mako 2 kafin a san sakamako. Ana iya samun tagwaye ko fiye. In ciki ya kumbura ƙwarai ko numfashi ya yi wuya, a koma asibiti nan take.

KUƊI DA HAƘURI

Aikin yana da tsada, kuma ko ga mace mai ƙuruciya, rashin dacewa a karon farko ya fi dacewa yawa. Don haka kafin ku sayar da gona ko fili, ku nemi a rubuta muku jimlar kuɗin, har da na allurai da gwaje-gwaje, ku kuma tambayi abin da za a biya in za a sake. Duk wanda ya ce ya tabbatar muku da ciki, ku yi hattara da shi. Dangi kuma, musamman iyayen miji, a daina gori, a taimaka da addu'a da kyakkyawar magana.

Allah Ya ba masu nema zuriya tagari. Wassalam.