WUTAR GIRKI DAGA KASHIN SHANU

 

Ya ku 'yan'uwa, maudu'inmu na yau shi ne wutar da muke girki da ita. Mafi yawan gidajenmu da itace suka dogara. Bishiyoyi suna ƙarewa, hamada tana matsowa, iyayenmu mata kuma suna shaƙar hayaƙi safe da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Alhali kuwa wani sashe na maganin yana cikin garkenmu. Idan aka dama kashin shanu da ruwa, awo ɗaya da awo ɗaya, aka zuba a ramin da aka gina aka toshe yadda iska ba za ta shiga ba, sai wasu ƙwayoyin halitta su ruɓar da shi. Daga nan iskar gas take tasowa, kimanin kashi 60 cikin 100 nata mai kama wuta ne, a ja ta da bututu zuwa murhu. Kilo 25 na ɗanyen kashi yana ba da wajen lita 1,000 ta gas. Abin da ya saura kuma taki ne mai kyau ga gona. Indiya ta kafa shirin ƙasa a kan wannan tun 1981, kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana aiki a kansa.

Wani zai tambaya: shin ba najasa ba ce? Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne, matuƙar ba najasa take ci ba.

Sai dai mu kiyaye abu biyu. Na farko, ramin yana bukatar ruwa da sabon kashi kullum, don haka ya fi dacewa da masu kiwon turke. Na biyu, gas ɗin yana fashewa kuma yana shaƙe numfashi, saboda haka gwani ne zai gina, kuma kada kowa ya shiga ramin.

Muna kira ga makarantunmu na kwana da masu mayanka da su fara gwadawa, domin a wurinsu ne abin ya fi yawa. Allah Ya sa mu dace.