Ganin Birnin Kano Cikin Kwana Biyu Da Ɗan Abin Da Ke Hannu

 

Yau hirar tamu ta tafiya ce. Na san wata za ta ce, Hajiya, mu da ke cikin kulle ina mu ina yawon buɗe ido? To tsaya ki ji. Ai muna fita. Bikin 'yar uwa yana kai mu Kano, dubiyar mara lafiya tana kai mu, haka sayayyar kayan ɗakin yarinya. Sai dai abin da ke faruwa shi ne, mace ta taso tun daga Gumel ko Funtuwa ko Maraɗi, an kashe kuɗin mota mai yawa, ta sauka a tashar Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa, a ɗauke ta a kai ta gidan biki, ta zauna a ɗaki kwana 2 tana gyaran kayan miya, a sake mayar da ita tasha. Ta koma gida yara su ce, Umma yaya Kano? Ba ta da abin faɗa sai cunkoson motoci. Kuɗin mota kuwa an riga an biya shi, kuma shi ne mafi tsada a tafiyar. Abin da za ki ƙara don ki ga garin kaɗan ne. Har ma ku da ke aure a cikin birnin, akwai wadda ta shekara 20 tana hango Dala ta saman katanga, ba ta taɓa taka gindinsa ba. Da ku ma nake.

Farkon abu dai izinin maigida, kuma tun a gida ake nemansa, ba sai an je ba a bugo waya. Ki gaya masa wuraren da kike son gani da sunansu, da wanda zai raka ku, da lokacin da za ku dawo masauki. Namiji ya fi saurin yarda idan ya ji magana a tsare, da a ce masa kawai za mu ɗan zaga gari. Idan shi zai raka ku, madalla, ya fi. In ba hali, ɗanki babba ko ƙaninki ko wata dattijuwa daga gidan da kuka sauka. Idan ya ce a'a, ki bar maganar, wata tafiyar na nan tafe. Amma na lura da yawa daga mazajen nan ba hanawa suke yi ba, ba a taɓa tambayarsu ba ne.

Kuɗi kuma, ki fara ware na komawa gida ki ƙulle shi daban, kada ki taɓa shi ko da kin ga atamfar da ta tsole miki ido. Sauran ki kasa: na abin hawa, na abinci, na tsaraba. Ki nemi canji ƙanana tun kafin ki fito, domin mai Adaidaita Sahu ba ya rasa cewa ba shi da canji. Kuma kada ki zuba duka a jaka ɗaya, Kurmi akwai matsi.

Tunda na ambaci Adaidaita, shi ne abin hawanku. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013, dama kuma ba na mace mai lulluɓi ba ne. Idan kun kai ku 3, ku ɗauki shata, ku yi ciniki kafin ku shiga, ku faɗi inda za a tsaya da inda za a jira ku. Wanda ya raka ku, in ɗan gari ne, shi zai yi maganar, domin da direba ya ji harshen baƙo kuɗin ya tashi.

Alherin da Kano ta yi wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne, wuraren tarihin nata kusan duk a cikin ganuwa suke, kusa da juna. Ki fara da marinar Ƙofar Mata da safe, kafin rana ta yi zafi. Masu wurin suna lissafa kafuwarta daga 1498. Za ki ga rijiyoyin rini a jere a ƙasa, da yawa sun mutu an bar su, kaɗan ne ke aiki. Baba da toka da ruwa ake haɗawa a bar su su jiƙa kwana da kwanaki har ruwan ya nuna, sannan marini ya riƙa tsoma zane yana ɗagowa yana tsomawa. Ki lura da kyau, idan ya ɗago zanen da ɗan kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya koma shuɗi a kan idonki. Yara suna son wannan ƙwarai. A gefe kuma za ki ji ƙarar mabuga suna dukan zane da katako har ya ɗauki sheƙi. Abin da nake so ki sa wa ido a nan shi ne adon da ke jikin zannuwan. Yawancin ɗaurin nan mata ne ke yin sa a cikin gidajensu da zare da allura, a kawo wa marina su tsoma. Wato mata irinmu, ba su fita ba, amma aikin hannunsu yana zuwa har ƙasashen waje. Wadda ke neman sana'ar cikin gida, ta duba ta tambaya. Kallo ba ya buƙatar wani kuɗi mai yawa, amma ki ba wanda ya zaga da ku ɗan abin goro, haƙƙinsa ne.

Daga nan hanya ta miƙe zuwa babban Masallacin Juma'a, wanda aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka buɗe a 1951, ga kuma Gidan Rumfa, wato fadar Sarki, a jikinsa. Fada dai daga waje za ki gan ta. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina ta. Ga wani abu da zai ba ki dariya: littafin Tarihin Kano, da yake lissafa abubuwan da Rumfa ya fara, har da kulle a ciki. To kin ga idan kin tsaya a Ƙofar Kudu, kin zo inda abin ya samo asali a garin. Amma fa a gidan nan ne aka yi Madaki Auwa, matar Rumfa, uwar Sarki Abdullahi, kakar Sarki Kisoke, wadda tarihi bai iya tsallake sunanta ba saboda ƙarfin faɗa a jinta.

Inda nake so ki ba lokaci sosai shi ne Gidan Makama, yana daf da fada. Shi ma ginin zamanin Rumfa ne, yanzu gidan adana kayan tarihi. Ana biyan kuɗin shiga, kuma ko za ki tsallake komai kada ki tsallake shi. Ginin ƙasa ne mai kauri da azara, da kin shiga za ki ji sanyi kamar an kunna fanka, ki tambayi kanki me ya sa muka guje shi muka koma kwano da bulo muna gasuwa. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, har da na Ƙofar Kabuga inda sojojin Turawa suka shigo a 1903, da kayan yaƙi, da hotunan sarakuna, da ɗakin amarya irin na da da jerensa. A ɗakin nan ne za ki ji dattijuwar da ta rako ku ta fara cewa, irin wannan tasar aka jera mini. Ki bar ta ta yi bayani, wani lokaci ta fi ma'aikacin wurin sani. Idan kina da 'yan makaranta, ki sa su riƙe biro da takarda.

Yanzu maganar ciki. Nan ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba, musamman in da yara, wannan ya ga lemo, wancan ya ga biskit. Ki karya kumallo sosai a masauki kafin ki fito. Ki ɗauko guzurinki tun daga gida, dambun nama ko soyayyen nama, da cincin ko dakuwa, abin da ba ya lalacewa, da gorar ruwa kowa da tasa. Da rana kuwa, ki ci abin da Kano ta yi suna da shi, wato gurasa. Ba sai kin shiga gidan abinci mai gilashi ba, inda za a kawo miki shinkafar da kin fi su iya dafawa a karɓi kuɗin cefanen kwana 3. Gurasa ta alkama ce ko fulawa, ana gasa ta a tanderu, kuma ita ma mata ne ke yin ta a gidaje, a unguwannin wajen Jakara. Ki ce a yi miki bandashe: a yayyafa mata ruwa ta yi laushi, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa da tumatir. Guda 2 sun riƙe babba har magariba. In akwai sauran canji a ƙara tsire, a nan ne za ki gane dalilin da ya sa Kanawa ke cika baki.

Sai dai ki yi hankali da abu 2. Fura da nono da zoɓo da kunun aya na bakin hanya, matsalarsu ruwan da aka dama da shi da ƙanƙarar da aka jefa, ba ki san daga ina suke ba. Ki sayi furarki da nononki ki kai masauki ki dama da kanki. Haka ɗanyen kabeji da latas, in da damina ne lokacin da amai da gudawa ke yawo, ki ce a bar su. Abin da aka sauke daga wuta a gabanki, waina ko ƙosai ko ɗanwake mai zafi, shi ya fi aminci. Arahar da za ta ƙare a gadon asibiti a garin da ba naki ba, ba ki ci riba ba. Wajen zama kuma, ba dole ki ci a titi ba. A ƙunshe muku ku koma gida ko ku samu inuwa a keɓe.

Kasuwar Kurmi ki bar ta sai bayan kin ci kin ƙoshi kin yi azahar, mai jin yunwa ba ya iya ciniki. Ita ma tun zamanin Rumfa take, nan ne fataken da suka keto Sahara suke sauke kaya. Lunguna ne ƙanana masu kama da juna, ki riƙe hannun yaro da kyau. Akwai kayan fata, da fayafai, da ƙore, da turaren wuta, da kwalli, da lalle, da kayan yaji. Nan ne wurin tsaraba mai araha: ɗan kwalli da turare ga uwar miji da abokiyar zama, 'yar jakar fata ga yara. Kada ki saya a rumfar farko. Ki taya ƙasa sosai, in ya ce albarka ki yi gaba, sau da yawa kafin ki yi taku 5 za a kira ki. Atamfa da leshi kuwa ba nan ba ne, sai Kantin Kwari, kuma shawarata kada ki haɗa Kwari da ranar ganin gari. Kwari ita kaɗai tana cinye yini da abin da ke cikin jaka.

Washegari da sassafe sai Dala. Akwai matakala, amma hawa ne na gaske, mai tsohon ciki ko ciwon gwiwa ko hawan jini ta tsaya a ƙasa ta jira, ba abin kunya ba ne. Ku tafi da namiji, kuma da safe, kada ku kai yamma. A nan Kano ta fara, nan Barbushe ya zauna da mutanensa suna bautar Tsumburbura tun kafin zuwan Bagauda, kafin Wangarawa su kawo Musulunci a zamanin Sarki Yaji. Daga sama za ki ga garin ya bazu iya ganinki, ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin masallaci. Mace da ta saba ganin sama daga tsakar gida kaɗai, wannan kallo yana daɗewa a ranta. Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan ɗaukewar damina. Da hunturu hazo yana rufe garin, da bazara kuma dutsen yana ɗaukar zafi tun hantsi.

A hanyar dawowa ki roƙi direba ya bi da ku ta gefen ganuwa. Sarki Gijimasu ya fara ta wajen shekara 900 da suka wuce. Ki nuna wa yara abin da ya rage, domin gaskiya kaɗan ya rage, an cinye ta da gine-gine da ɗibar ƙasa, Ƙofar Na'isa ma rushe ta aka yi a 2010 don faɗaɗa titi aka sake gina sabuwa. Abin yana ba ni takaici duk lokacin da na wuce. In da sauran lokaci da kuɗin mota, akwai Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a 1909. In babu, a bar shi sai wani zuwan.

Ranar Juma'a kada ki sa zagayen cikin gari, hanyoyin masallaci da fada suna cushewa tun kafin azahar. Wadda kuma ke son ta daidaita tafiyarta da hawan Sallah, maigida ya bincika tukuna, domin tun rikicin sarautar da ya taso a 2024 an sha dakatar da hawan, kada a kashe kuɗin mota a zo a tarar ba doki ko ɗaya. Masauki kuwa gidan 'yan uwa ya fi otal ta kowace fuska, sai dai kada ki je musu hannu rabbana. Ɗan man shanu ko daddawa ko kuka daga garinku ya isa, kuma ki gaya wa matar gidan shirinki tun daren da kika sauka, ta yiwu ita ma ta nemi izini ku tafi tare.

Lokaci ya yi mana halinsa. Wadda ta je ta dawo, ta sa a rubuto mana abin da ta gani da abin da ta kashe, mu karanta wa sauran 'yan uwa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.